Labarin da mai shi ya rasu bai ƙarasa ba

Jiya har ƙarfe biyun dare idona biyu, wani littafin Turanci ya hana ni barci. Labarin bin diddigi ne da aka gina a kan rasuwar marubucin Ingila Charles Dickens ranar 9 ga Yuni, 1870. Ajali ya riske shi yana tsakiyar rubuta The Mystery of Edwin Drood, kashi shida kacal ya samu ya rubuta cikin goma sha biyu. Edwin ya ɓace a jajibirin Kirsimeti, ana zargin kawunsa John Jasper, shi ke nan alƙalami ya tsaya.

Abin da ya ba ni dariya, a 1873 wani ɗan Amurka, Thomas James, ya ce fatalwar Dickens ce ta yi masa shiftar ƙarshen labarin. Kai jama'a! A 1914 kuma har kotun wasa aka kafa wa Jasper a Landan, marubuci G. K. Chesterton ne alƙali.

Marubucin da na karanta ya fi su wayo a ganina. Bai taɓa ƙarshen ba, sai ya sa jarumansa farautar shafukan da ake zaton Dickens ya ɓoye. Yau da jan ido na je wurin aiki.