Abin da na'urar osiloskop ke gani da abin da take nuna mana

A shagunan gyaran kayan lantarki da ke kewayen Terminus da titin Ahmadu Bello a nan Jos, har yanzu mita ce babbar abokiyar aikin mai gyara, sai dai tun da inbata da kayan sola suka yawaita a gidaje ake ƙara cin karo da matsalolin da ba ta iya bayyanawa. Mita lamba ɗaya take bayarwa. Za ta ce wutar ta kai bolt 230, amma ba za ta nuna cewa wutar tana hawa da sauka sau 50 a kowane sakan ba, ko cewa ƙololuwarta tana kaiwa kusan bolt 325, balle ta faɗi ko hawan da saukar a hankali suke tafiya ko kuwa tsalle suke yi. Wannan ne ya sa matasan masu gyara suka fara neman osiloskop, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a kan allo, kuma ina murna da hakan ƙwarai. Damuwata ita ce da yawa suna ɗaukar layin da ke kan allo tamkar shi ne wutar da kanta, alhali a na'urorin dijital na yanzu zane ne da aka haɗa daga ɗige-ɗigen awo, kuma zanen yana iya saɓa wa abin da ke cikin waya.

A tsohuwar na'ura lamarin ya fi kusa da abin da ido ke zato. Tun daga bututun da masanin kimiyya Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙera a 1897, har zuwa na'urorin da kamfanin Tektronix ya fara fitarwa a Amurka bayan kafa shi a 1946, siginar da ake aunawa ita ce ke karkata tsinin haske sama da ƙasa a kan gilashi, yayin da wani sashe ke jan sa daga hagu zuwa dama. Babu abin da ake ajiyewa, saboda haka abin da ya faru sau ɗaya ya wuce ke nan. Na'urar dijital mai ajiya ta magance wannan, amma ta wata hanya dabam: tana auna ƙarfin siginar a wani ɗan lokaci, ta mayar da awon lamba, ta ajiye, ta jira, ta sake aunawa. Kowane awo guda shi ake kira samfuri, kuma duk abin da ya faru tsakanin samfuri da samfuri ba ta gan shi ba.

Kafin a kai ga awon, siginar tana bi ta tsinken awo da sashen da ke rage ta ko ƙara ta, kuma wannan sashe yana da iyakar saurin da yake iya bi. Lambar da ake bugawa a goshin na'ura, 50 MHz ko 100 MHz (MHz ɗaya kai-komo miliyan ɗaya ne a sakan), tana nufin saurin da idan sigina ta kai shi za ta bayyana da kusan kashi 70 cikin ɗari na ainihin girmanta. Sigina mai kusurwa, irin wadda ke buɗe mosfet (ɗan makunnin lantarki da ke cikin inbata) da rufe shi, tana ƙunshe da sassa masu saurin da ya ninka nata sau 3, sau 5, sau 7 da sama, kuma su ne ke ba ta kaifin kusurwa, don haka ake son iyakar na'ura ta ninka saurin siginar kamar sau 5. Na'ura mai 100 MHz ba za ta nuna hawan da ya fi kusan nanosakan 3.5 sauri ba, komai kaifinsa a zahiri. A nan ne kuma ya kamata a yi gargaɗi mai muhimmanci: baƙar ƙugiyar da ke jikin tsinken awo a haɗe take da wayar ƙasa ta cikin filogin na'urar, kuma wanda ya maƙala ta a ɓangaren wutar layi na inbata ko caja zai iya ƙona kayan, ya ƙona na'urar, ko ya ji wa kansa ciwo. Irin wannan awon da tsinke na musamman mai auna bambancin wurare biyu ake yin sa.

Sashen da ke mayar da awo lamba, a yawancin na'urorin da muke iya saye, mai bit 8 ne, wato matakai 256 kawai yake da su daga ƙasan allo zuwa samansa. Idan aka saita kowane gida na allo, wato kowane murabba'in da aka raba allon da shi, a kan bolt 2, gidaje 8 sun zama bolt 16, kowane mataki kuma ya zama kusan milibolt 62. Mai neman 'yar rawar wuta ta milibolt 50 a kan layin bolt 12 ba zai gan ta a haka ba, domin ba ta kai mataki ɗaya ba. Sai ya sa na'urar ta toshe tsayayyen ɓangaren wutar, ya sauko da ma'aunin zuwa milibolt 20 a kowane gida, sannan rawar ta fito fili. Saboda wannan dalilin nake gaya wa yaran da ke koyon aiki a hannuna su riƙa buɗe sigina ta cika allo, domin wadda aka matse a gida ɗaya da matakai kaɗan aka zana ta, kuma duk lambobin da na'ura za ta lissafa daga gare ta ba za su fi wannan inganci ba. Na'urori masu bit 12 suna da matakai 4096, kuma bambancin yana bayyana sosai a irin wannan aikin.

Batun da ya fi kowanne ruɗa mutane shi ne yawan samfurin da ake ɗauka a sakan. Ka'idar da ake jingina wa Harry Nyquist, wanda ya yi rubutu a kan saƙon tangaraho a 1928, da Claude Shannon, wanda ya tabbatar da ita a 1949, ta ce dole ne yawan samfuri ya haura ninki biyu na mafi saurin abin da ke cikin sigina. Idan aka gaza haka, siginar ba ta ɓacewa, sai dai ta bayyana da wata kama ta ƙarya mai tafiya a hankali, kamar yadda fankar sama da aka ɗauka a bidiyon waya takan yi kamar tana juyawa baya ko ta tsaya cik alhali tana gudu. Mai gyara zai ce ai tasa tana ɗaukar samfuri biliyan ɗaya a sakan, haka aka rubuta a jikinta, me zai dame shi da siginar da ke kai-komo sau dubu ashirin a sakan? Amsar tana wajen ma'ajiya.

Ma'ajiyar na'ura tana da iyakar ɗigon da take ɗauka, kuma dole ɗige-ɗigen su isa tsawon lokacin da aka ce a nuna a allo. A ɗauki Tektronix TDS 210, wadda ta yi suna kuma har yanzu ake samun ta a cikin kayan da aka yi amfani da su: tana iya kaiwa samfuri biliyan ɗaya a sakan, amma ɗigo 2500 kawai take ajiyewa. Idan aka juya maɓallin lokaci zuwa milisakan 50 a kowane gida, gidaje 10 sun zama rabin sakan, kuma raba ɗigo 2500 a kan rabin sakan yana ba da samfuri 5000 kacal a sakan. Yanzu a ce siginar da ke tuƙa mosfet a cikin inbata tana kai-komo sau 20,050 a sakan. Na'urar da ke aunawa sau 5000 za ta riƙa samun ta kusan a wuri ɗaya bayan kowane zagaye huɗu, da ɗan gaba kaɗan a kowane karo, kuma idan ta haɗa ɗige-ɗigen sai ta zana sigina mai kai-komo sau 50 a sakan. Wannan kuwa daidai yake da saurin wutar layi, wato abin da mai gyara yake sa ran gani, shi ya sa ba zai yi shakka ba. Irin wannan ƙarya ce nake jin tsoro, domin tana da kyan gani kuma tana dacewa da zato. Gwajin gano ta mai sauƙi ne: a juya maɓallin lokaci mataki ɗaya ko biyu, idan saurin da na'ura ke faɗa ya canza, to abin da ake gani ba na gaskiya ba ne. Na'ura mai ma'ajiyar ɗigo miliyan 12, kamar Rigol DS1054Z, a lissafi tana iya riƙe samfuri miliyoyi a sakan a cikin wannan rabin sakan ɗin, kuma yawancin na'urorin yanzu suna rubuta ainihin saurin da suke aiki da shi a wani gefe na allo. Wannan 'yar lambar ta fi wadda ke goshin akwatin muhimmanci a lokacin aiki.

Akwai hanyoyin da masu ƙira suka tanada don rage wannan asarar. A tsarin da aka rubuta wa Peak Detect, sashen awo yana ci gaba da gudu da cikakken saurinsa, amma a kowane tsakani mafi girma da mafi ƙanƙanta kawai ake ajiyewa, don haka siririn tsinin wuta da zai sulale tsakanin samfurori biyu yakan bar alamarsa, ko da yake layin yana yin kauri. Tsarin ɗaukar matsakaici kuwa yana tara kamu da yawa, wato ɗaukar hoton siginar sau da yawa, na sigina mai maimaita kanta, ya rage hayaniya, ta yadda kamu 16 ke rage ta zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma yana shafe duk abin da ya faru sau ɗaya. Wanda ke neman matsala mai zuwa jefi-jefi bai kamata ya bar shi a kunne ba.

Inda na'urar dijital ta yi wa tsohuwar fintinkau shi ne wajen kamu. Ba ta jiran tiriga, wato sharaɗin da ake gindaya mata don ta kama hoton sigina, kafin ta fara aunawa. Tana ta rubuta samfurori a ma'ajiya ba tsayawa, sabo yana hawa kan mafi tsufa, har sai sharaɗin da aka gindaya ya cika, sannan ta ƙara ɗaukar adadin da aka tsara ta tsaya. Sakamakon haka shi ne abin da ya faru kafin tiriga yana nan a ajiye, kuma wannan babbar dama ce ga mai gyara. Inbatar da ke mutuwa duk lokacin da firiza ta tashi misali ne da kowa ya sani. Ana ɗora tsinken a kan layin batir, a saita tiriga ta kama lokacin da wutar ta faɗo ƙasa da bolt 11, a danna Single, a jira. Idan abin ya faru, allo zai daskare da hotonsa, a ga ko wutar batir ce ta fara durƙushewa sannan inbata ta kashe kanta, a ga zurfin faɗuwar da tsawonta, sannan a koma kan batir ko siririyar waya ko sakakkiyar ƙulla da hujja a hannu. Barin na'ura a kan Auto a irin wannan aikin kuskure ne, domin tana zana layi ko da tiriga ba ta kama komai ba, kuma sabon zane zai shafe abin da ake nema.

Bayan kowane kamu akwai lokacin da na'urar ke sarrafa lambobi da zana su, kuma a wannan lokacin makauniya ce. Idan allo yana nuna maikurosakan ɗaya kuma na'urar tana yin kamu 1000 a sakan, to milisakan ɗaya kawai ta kalla daga kowane sakan, sauran kashi 99.9 cikin ɗari sun wuce ba ta sani ba. Don haka rashin ganin matsala a allo bai isa hujjar cewa babu ita ba, kuma saita tiriga ta farauci matsalar kai tsaye ya fi zura wa allo ido.

Zanen kansa ma lissafi ne. Idan ɗige-ɗigen sun yi kaɗan, na'urar tana cike tsakaninsu, ko da miƙaƙƙen layi, wanda ke buƙatar kamar samfuri 10 a kowane zagaye kafin siffar ta yi kyau, ko da wani lissafi mai lanƙwasa da ke iya wadatuwa da kusan biyu da rabi, amma wanda kan ƙirƙiro 'yar rawa a gefen kusurwa mai kaifi inda babu ita. Idan kuma ɗige-ɗigen sun kai miliyoyi, dole a matse su cikin allo mai faɗin ɗigo ɗari-ɗari kawai, dubbai a bayan kowane layi ɗaya. Ina ba duk mai koyo shawarar ya riƙa juya na'urarsa zuwa tsarin nuna ɗigo zalla lokaci-lokaci, ya ga da idonsa iya abin da aka auna da iya abin da aka ƙara.

Ga wanda zai saya, ko sabuwa ko ta hannu, akwai tambayoyin da suka fi launin allo da yawan maɓallai. Wasu na'urori suna tallata saurin samfuri mai yawan gaske, alhali suna nufin tsarin da ke tsinto ɗigo kaɗan daga kowane zagaye ya haɗa su bayan zagaye masu yawa, wanda yake aiki ga sigina mai maimaita kanta kaɗai, ba ga abin da ya faru sau ɗaya ba, don haka a nemi saurin kamu guda. A kuma tambayi yadda saurin ke rabuwa idan an kunna hanyoyi da yawa, wato wuraren da ake jona tsinken awo, domin a DS1054Z biliyan ɗayan yana komawa miliyan 500 da hanyoyi biyu, miliyan 250 da uku ko huɗu. Sannan kafin a biya kuɗi a maƙala tsinken a kan ɗan ƙarfen gwaji da ke gaban na'urar, wanda galibi ke fitar da sigina mai kusurwa ta 1 kHz, a juya ɗan sukurun da ke jikin tsinken har saman siginar ya miƙe, a yi haka a kowace hanya ɗaya bayan ɗaya.