Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Tsatsar da Ke Cikin Ƙirjina

A makon jiya na tsaya ne inda aka ba ni gado, ƙafafu sun kumbura suntum, barci kuma sai an jera mini matasai uku. A kwana na huɗu likita ya shigo da sakamakon hoton zuciya. Ya ce babban ɗakin lafiyayyar zuciya yakan fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinsa a kowane bugu. Nawa kashi 30 cikin 100 yake iya turawa.

Na ce, "Likita, hawan jini dai na san da shi, shekara 9 ke nan, in sha magani in bari. Amma me ya ci zuciyar?"

Sai ya tambaye ni sana'ata. Na ce walda. Ya jawo kujera ya zauna. "To Malam, ai ka fi ni sanin tsatsa."

Iskar oksijin da ke cin ƙarfe, in ji shi, ita ce zuciya take rayuwa da ita. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, ba hutu. Shi ya sa kusan kashi ɗaya cikin uku na kowace ƙwayar namanta ƙananan injina ne da ake kira maitokondiriya, masu ƙona abinci da oksijin su ba da ƙarfi. Ba wutar da ba ta tartsatsi. Ɗan abin da ya fallatso na oksijin, duk abin da ya taɓa sai ya ci shi. Jiki yana da masu kashe wannan tartsatsi, irin su SOD da katales, kuma mai lafiya ba ya ma sanin ana yi.

Ni nawa ya fi ƙarfin masu kashewar. Hawan jinin da na yi wa riƙon sakainar kashi yana tafe da wani sinadari, anjiyotensin, wanda ke matse jijiyoyi, ya kuma kunna wata hanyar da ke ƙara zubo tartsatsin. Tartsatsin kuma ya cinye naitirik oksaid, sinadarin da ke sassauta jijiya. Ya lalata ƙofofin da kalsiyam ke bi, alhali da kalsiyam naman yake damƙewa ya saki. Ƙwayoyin naman zuciya su mutu, tabo mai tauri ya maye gurbinsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, injinan da suka lalace su suka fi zubar da tartsatsi. Na sha gani a ƙarfe: inda tsatsa ta fara ci, nan danshi yake maƙalewa.

Da yamma ƙanena ya kawo kwalbar bitamin E, wai an ce tana wanke irin wannan. Gaskiya na yi murna, don ni a tunanina an samo fenti. Washegari likita ya juya kwalbar a hannunsa, ya ba ni labarin binciken HOPE da aka jagoranta daga Kanada, kan mutum sama da 9,000. Sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna bitamin ɗin bai kare zuciya ba, masu shansa ma sun ɗan fi samun gazawar zuciya.

"In gas yana yoyo a wurin aikinka, me kake fara yi?"

Na ce, "Rufe kan tukunyar."

Ya rubuta magunguna biyu, lisinopril mai rage anjiyotensin da spironolactone, ya ce na ukun, carvedilol, sai ruwan jikin ya sauka. Uwargida ta ɗauki kwalbar ta tura can ƙasan jaka, don kada ƙanena ya ji ba daɗi.

Da asuba nas ta ɗora ni a sikeli, kilo 3 ya tafi. Abin da ya faru ranar da na fara gwada taka bene, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.