Takardar ƙirga da goshin wani yaro

Shekarar da na fara bincike a fannin nazarin ɗabi'a, ina ji da kaina. Na karanta Skinner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa fannin, na haddace ƙa'idoji, ina ganin da an kawo mini yaro mai lalurar galahanga, wato otizim, ko mai jinkirin fahimta, kallo ɗaya ya ishe ni. Wani ɗan shekara bakwai ne ya sauke mini wannan girman kai. Ba ya magana, kuma yakan buga goshinsa a tebur har wurin ya yi kanta. Nan take na yanke hukunci: so yake a kula shi.

Malamata ba ta ja da ni ba. Agogo ta miƙo mini da takardar ƙirga, ta ce in bi hanyar gano dalilin irin wannan ɗabi'a da masani Brian Iwata da abokan aikinsa suka fitar a 1982. Muka shimfiɗa soso a kan teburin, muka riƙa gwada yaron a yanayi daban-daban. In an bar shi shi kaɗai, shiru. In ana wasa, shiru. Da an ajiye masa aikin rubutu sai bugu, da an ɗauke sai ya tsaya cak. Ashe hutu yake nema, kuma mu manya muka koya masa cewa da goshinsa zai same shi.

Sai muka ba shi kati mai hoton kujera, bisa dabarar da masana biyu, Carr da Durand, suka bayyana a 1985 ta koya wa yaro wata hanyar neman abin da yake so: ya miƙa kati, ya samu hutu nan take, bugu kuwa ya daina sa a ɗauke masa aiki. A kwanakin farko abin ƙaruwa ya yi kafin ya lafa. An san da haka a fannin, amma ban gargaɗi mahaifiyarsa ba, saura ƙiris ta janye shi. Laifina ne.

Sauran hidimar jami'a, wato lacca, duba jarrabawa, maƙalar da mujalla ta dawo mini da ita sau uku, duk mutum yana sabawa. Wanda ban saba da shi ba shi ne abin da ya faru a aji bayan na zama malami. Ina nuna zanen yadda muka rage wa wata yarinya kaɗa hannu, layi ya gangaro gwanin sha'awa, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malam, wa kaɗa hannun yake damu?"

Na rasa ta cewa. Yarinyar ba ta jin ciwo, ba ya hana ta karatu, mu ne dai idonmu bai so ba. Tun 1978 Montrose Wolf, wani masanin fannin, ya ja kunne cewa a tambayi masu abin ko manufar ta yi musu, kuma manya masu otizim sun daɗe suna cewa wannan motsi natsuwa yake ba su. Na san da duka biyun, na koyar da su ma.

Zanen yana nan a laccata har yau. Nakan haska shi ne ba tare da bayani ba, in jira in ga wanda zai yi tambayar.