Raguna goma, awo talatin

A darasin ƙididdiga da nake koyar da 'yan ajin farko, akwai gaɓar da nake rage gudu da gangan ko da lokaci ya ƙure min. Ita ce ANOVA ta maimaita awo. ANOVA dabarar lissafi ce ta gano ko rukunonin awo sun bambanta da gaske, ta maimaita awo kuwa ita ce inda ake auna abu guda sau da yawa. Ɗalibai kan ɗauke ta kamar ƙarin wahala ne kawai malamai suka ƙirƙiro. Ni kuwa ina ganin duk cikin zangon babu dabarar da ta kai ta daɗin fahimta.

A ce kana kiwon raguna goma don Babbar Sallah, kana ba su harawa da dusa, kana ɗora kowanne a sikeli ranar farko, da bayan wata ɗaya, da bayan wata biyu. Awo talatin ke nan a takardarka. A nan ne yawancin ɗalibai ke zamewa: sai su zuba lambobin nan talatin cikin ANOVA ta yau da kullum, kamar raguna talatin ne daban-daban. Alhali goma ne, kowanne ya hau sikeli sau uku.

Mu ɗauki biyu daga cikinsu, a misali. Wani ɗan Yankasa ya fara da kilo 28, ya koma 30, sannan 33. Wani Balami ya fara da 60, ya koma 63, sannan 65. Dukansu sun ƙaru da kilo biyar. Amma tazarar da ke tsakanin ragunan biyu ta wuce kilo talatin, kuma tun daga kasuwa suka zo da ita, ba ruwanta da abincinka. ANOVA ta yau da kullum tana kwashe wannan tazara ta zuba a cikin abin da take kira kuskure, sai kuskuren ya kumbura, ƙimar F, wato lambar da ke gwada girman canjin da girman kuskuren, ta ƙanƙance, ɗalibi ya rubuta cewa babu wani canji. Ga shi kuwa kowane rago ya yi ƙiba, ido ma yana gani. Wannan yana min ciwo, domin yaron ya yi wahalar awo, lissafi ne ya ɓoye masa gaskiyar da ya tattaro da hannunsa.

Abin da maimaita awo ke yi shi ne ta fara cire bambancin da ke tsakanin rago da rago ta ajiye gefe, sannan ta gwada kowane rago da kansa. Ragowar kuskuren sai ya zama ɗan kaɗan, canjin kilo biyar ya fito fili. Ana biyan farashi dai: lambar df ta kuskure, wato yawan bayanai masu zaman kansu da suka rage don auna kuskuren, wadda da 27 ce, ta sauko 18, wato 9 (raguna goma ban da ɗaya) sau 2 (awo uku ban da ɗaya). Kusan kullum cinikin da riba. Idan kuma awo biyu kacal aka yi, ai gwajin t na masu tagwayen awo ne, wanda ke kwatanta awo biyu na abu guda, a wata riga, ka ninka t da kanta ka samu F.

Asalin ANOVA daga gona ta fito. Ronald Fisher ya gina ta ne a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya fara aiki a 1919, kuma don girmama shi George Snedecor ya sa wa gwajin harafin F.

Akwai sharaɗin da ba na yafewa. Dabarar tana ɗauka cewa yadda ragunan suka sha bamban wajen ƙaruwa tsakanin awo na ɗaya da na biyu, haka suka sha bamban tsakanin na ɗaya da na uku, da na biyu da na uku. A awon da ke bin lokaci wannan kan karye, don awon yau ya fi kama da na watan jiya fiye da na watanni biyu baya. Idan ya karye, lissafi yakan nuna canji inda babu. SPSS, manhajar ƙididdiga ta kwamfuta, na fitar da gwajin Mauchly, na 1940, don duba wannan, amma da raguna goma kacal gwajin ba shi da kaifin ido, yana iya yin shiru alhali akwai matsala. Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina su leƙa layin Greenhouse da Geisser a sakamakon SPSS, gyaran 1959, ko Mauchly ya yi ƙorafi ko bai yi ba. Gyaran yana rage df gwargwadon ɓarnar; a awo uku, mafi muni ya mayar da df ta canjin awo daga 2 zuwa 1, ta kuskure kuma daga 18 zuwa 9.

Kada kuma wanda ya ga F mai girma ya ce harawa ce ta yi aikin. Ƙaramin rago yana girma ko me ka ba shi, sai da wani rukuni da ke cin abinci daban za a iya raba gardama. In kuwa abinci uku za ka gwada a kan raguna guda, to ka sassaɓa jerin, kada kowa ya fara da dusa ya ƙare da ƙuli-ƙuli, don tasirin na farko yana bin na biyu.

Sannan ka roƙi mai gida kada ya sayar da ko ɗaya kafin awo na ƙarshe. Rago guda ya rasa awo ɗaya, SPSS za ta jefar da layinsa gaba ɗaya, har da awo biyun da ka riga ka sha wahalarsu.