Shekara guda ina kula da mashin mai 450cc a Kano

A cikin akwatin ƙarfe ya iso garejinmu daga Legas: ƙirar ƙasar Sin, 450cc, silinda biyu, giya shida, injin da ruwa ke sanyaya shi. Mai shi ya ce in haɗa, in kuma ci gaba da duba masa shi. Yau shekara guda ke nan, ya ci kilomita 9,000 da 'yan kai. Sunan kamfanin zan bar shi, domin duk matsalar da muka gani daga hannun mutanenmu ta fito, ba daga masana'anta ba.

A nan Kano da an ce mashin ɗan Sin ne, sai hankali ya tafi kan Jincheng da roba-roba. Wannan zamanin ya wuce. Kamfanin CFMoto da ke Hangzhou a ƙasar Sin ta ƙulla haɗin gwiwa da KTM ta Austiriya tun 2017, a 2022 kuma ta fito da 450SR mai ƙarfin doki kusan 50, ta shiga ajin da Kawasaki Ninja 400 da Yamaha R3 suka daɗe suna riƙe da shi, a farashin da ya fi nasu sauƙi a wasu kasuwanni. Qianjiang ta ƙasar Sin ta sayi Benelli ta Italiya a 2005. A Indiya, Bajaj ɗin nan mai Boxer ita ke ƙera KTM 390 Duke, ita ce kuma ta fara ƙera Triumph Speed 400 a 2023. TVS ta ƙera wa BMW G 310, sannan ta sayi Norton ta Ingila a 2020. Waɗannan mutane sun koyi aiki a hannun gwanaye, kuma ya nuna a jikin ƙarfensu. Mu ne muka tsaya a hannun da muka saba da shi kan mashin mai 100cc.

Ranar haɗawa ban tayar da shi ba sai da na auna batir. Ya nuna volt 12.1, wato ya sha zaman jirgi da sito. Na sa shi a caji a hankali har ya kai 12.6, da aka tayar kuma na ga 14 a mita, alamar caji na shiga. Irin wannan mashin ba shi da kik. Famfon fetur da ƙwaƙwalwar inji, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa shi, duk wuta suke ci, batir na rauni komai ya rikice. Na bi kowane noti na tayar gaba da na birki da sifana mai ma'auni. Kilomita 1,000 na farko na ce wa mai shi kada ya ja wuta har ƙarshe, kada kuma ya daɗe a gudu ɗaya, ya riƙa sauya giya. Da muka yi juyen farko, man ya fito da ɗan ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe. Wannan ba abin tsoro ba ne, sabon inji haka yake yi.

Baƙin mai ne ya fara ba mu wahala. Wajen kilomita 4,000 mai shi ya yi tafiya, aka yi masa juye a bakin hanya da baƙin man mota. Ya dawo yana cewa idan ya sa giya ta biyar ya murɗa wuta a titin Zariya, inji sai ya yi kuka amma gudu ba ya ƙaruwa. Yaron gareji ya ce, "Maigida, ai baƙin mai baƙin mai ne." Na buɗe murfin kuloci na nuna masa: faifan nan a cikin man inji suke wanka. Man mota da yawa ana zuba masa sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, shi kuwa kuloci kamu yake so, ba santsi ba. Abin da za a nema a jikin galan shi ne rubutun JASO MA ko MA2, 10W-40. Na zubar da man tun yana da zafi, na sauya filta, na zuba na kirki, bayan kilomita 200 na sake zubarwa. Allah ya taimaka faifan ba su ƙone ba. Da na ga na ƙarfen sun yi shuɗi-shuɗi, da sai dai sabbi, su ma sai an jiƙa su a mai na wasu awoyi kafin a ɗaura. Wajen duba mai, a miƙar da mashin tsaye cak a kalli gilashin gefe, bayan an kashe shi da minti uku. A kan jak ɗin gefe gilashin ƙarya yake yi, shi ya sa ake cika shi ya wuce layi. Notin juye kuma a cikin alminiyom yake zaune. A sa sabon wosha, a ɗaure daidai ma'aunin littafi, wanda ya taka sifana da ƙafa ya ci zaren, aikin ya koma wajen mai tona, wato mai injin sassaƙa ƙarfe.

Fetur ne na biyu. Babu kafireta a nan da za a kwance a hura a mayar. Famfo ne a cikin tanki yake tura mai da ƙarfi ta ramukan da ba su kai bakin allura ba. Lokacin da mai ya yi wuya an sayi na 'yan bumburutu sau biyu, mashin ya fara shaƙewa yana mutuwa a danja. Na zuƙo man a farar kwalba na ajiye, cikin minti goma ruwa da laka suka kwanta a ƙasa. Sai da na sauke tanki, na wanke shi, na wanke rariyar famfo. Tun daga nan dokar ita ce gidan mai kawai, kuma kada geji ya sauka ƙasa da kwata, domin fetur ɗin ne ke sanyaya famfon.

Zafin watan Afrilu, a cunkoson Kantin Kwari, fanka za ta riƙa tashi tana kashewa. Aikinta ke nan, kada a tsorata. Abin da ke kawo zafi na gaskiya shi ne lagireto da ya toshe, don tayar gaba kai tsaye take watsa masa ƙura da taɓo. Ina wanke shi daga baya da ruwa mai laushi. Injin wankin mota mai ƙarfi lanƙwasa siraran fukafukan yake yi. Kada a zuba ruwan rijiya ko na burtsatse, yana barin farin gishiri a hanyoyin ruwa, sai ruwan lagireto na kwalba. Al'adar cire tamostat (abin da ke daidaita zafin inji) da ake yi wa motoci ma kada a kawo ta nan, inji zai ɗauka bai ɗumama ba ya yi ta shan mai. Da hunturu kuwa filtar iska nake dubawa duk kilomita 2,000. Ta takarda ce, ba a wanke ta da fetur, idan ta yi ja sai a sauya.

Sarƙar tana da zoben roba a kowace gaɓa, su ke riƙe da girisin ciki. Fetur busar da su yake yi, kananzir da burushi mai laushi ake sa mata, sannan man sarƙa duk kilomita 500. Tsohon baƙin mai da muke zuba wa Boxer yashi yake tarawa ya cinye haƙoran sifoket. A bar mata wasa na kusan santimita 3 a tsakiya. Wanda ya ja ta kamar tsirkiya, boris ɗin giya zai biya.

Taya tubles ce, 110/70 a gaba, 150/60 a baya, inci 17. Mai faci da yatsa yake gwada iska, don haka na sa mai mashin ya sayi gejinsa: PSI 33 a gaba, 36 a baya, tun taya na sanyi. Idan za a cire ta, a tsaya a kai, domin rodi yana cin bakin rim, yana kuma lanƙwasa zoben ABS (na'urar da ke hana birki ƙulle taya), fitilar gargaɗi ta kama ta ƙi mutuwa. In za a yi walda a jikinsa, a cire batir da soket ɗin ƙwaƙwalwar inji tukuna.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a kayan gyara ne sauƙin farashin yake iya zama tsada. Mashin ya faɗi a tsaye wata rana, hannun kuloci ya karye, robar gefe ta tsage. Na zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ban samu ba, sai oda aka yi, ya yi sati shida a jingine. Yanzu duk wanda ya ce mini zai sayi irinsa, kafin ya biya ina sa shi ya haɗa da filtar mai huɗu, filtar iska biyu, fatar birki ta gaba da ta baya, fulogi biyu, hannun birki da na kuloci, wayar kuloci, da sarƙa da sifoket saiti guda. Ya tabbata kuma an ba shi littafin gyara, ba na mai hawa kaɗai ba, domin saitin bawul ɗin da 'yan tsabar ƙarfe ake yin sa, sai da ma'auninsu a hannu. Na wannan mashin an riga an yi odarsu, suna hanya.