Baƙi da Fari a Shagonmu na Aboabo

Shekara bakwai ke nan ina riƙe da wani ƙaramin shago a Aboabo, cikin Kumasi, inda ni da yarana biyu muke zana ado a kwamfuta, mu buga shi a kan riguna da labule da allunan da masu otal suke ratayewa a bango. Yawancin aikinmu baƙi da fari ne zalla, babu hoton mutum ko na dabba, sai layuka da da'ira da murabba'i masu maimaita kansu. Dalilin farko na kuɗi ne, domin launi ɗaya raga ɗaya yake buƙata wajen bugu, wato ƙyalle mai ƙananan ramuka da ake tura fenti ta cikinsa zuwa kan yadi, farin kuwa yadin ne da kansa.

Kowane ado yana farawa ne daga ƙwaya guda, wadda nake ginawa a manhajar zane ta CorelDRAW cikin murabba'i mai faɗin santimita 10, kuma wahalar duka tana gefunanta. Dole layin da ya fita ta dama ya shigo ta hagu daidai, na sama ya tarar da na ƙasa, domin idan suka saɓa ko da kaurin gashi ne, mahaɗar za ta fito fili tun daga farkon yadi shida har ƙarshensa. Launuka masu yawa suna rufa wa mai zane asiri, baƙi da fari ba sa yi. Na taɓa matse layuka fiye da kima, suka yi karo da saƙar ragar, sai wasu igiyoyi da ban zana ba suka bayyana a kan rigunan wani Alhaji, na sake buga su da kuɗina.

Abin da ya sauya mini tunani kuwa a Ntonso na gan shi, garin da ke kusa da mu na masu buga adinkra, wato alamomin gargajiya na Asante da ake bugawa a kan yadi. Suna sassaƙa hatimi daga ƙwarya, su dafa ɓawon itacen badie har ya zama baƙin rini mai kauri, su ja layuka da matajin katako, sannan su bi kowane gida da ke tsakanin layukan da hatimin. Hannu ba ya dannawa iri ɗaya sau biyu, shi ya sa ido ba ya gajiya da yadinsu, alhali kwafin kwamfuta, da yake babu wanda ya bambanta da ɗan'uwansa, yakan fito a sandare. Mai zane Bridget Riley ta Ingila ta fahimci haka tun 1961, lokacin da ta jera murabba'ai tana rage faɗinsu sannu a hankali har zanen ya zama kamar yana lanƙwasawa ciki.

Yanzu nakan ƙara wa layi kauri kaɗan-kaɗan daga jere zuwa jere, ko in juya ƙwaya ɗaya cikin tara. Wata Hajiya mai sayar da yadi a kasuwar Kejetia ta ɗauka kuskure ne, ta dawo mini da kayan; da na shimfiɗa mata su a ƙasa ta ja da baya ta duba, sai ta ce a ƙara mata yadi goma sha biyu kafin Sallah.