Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: "Ni Na Goye Shi"

"Ni na goye shi." Har yau in na rufe ido muryar Gwaggo nake ji tana faɗin haka a tsakar gida, hannu a ƙugu, ga wanzami a zaure da zabirarsa yana jiran a ce ya shigo.

Babbar Sallar 2023 ce, wata guda da cire tallafin mai. Kwana uku da layya Baba ya kasa fita Asuba. Na shiga na tarar gwiwarsa ta dama ta kumbura suntum, fatar tana sheƙi, zafi kamar murfin tukunya. Ko mayafi bai yarda ya taɓa ta ba. Bai faɗi ba, bai bugu ba, lafiya lau muka yi sai da safe. Ga shi ya daɗe yana fama da suga da hawan jini, ga ƙoda da aka ce a riƙa lallaɓa ta.

Gwaggo ta ce in ba jifa ba ne to mataccen jini ne, ƙaho za a yi. Na durƙusa na ce, "Gwaggo ki yi haƙuri, mai suga ba a tsaga shi, ciwo ba ya warke masa da wuri." Ta dube ni sama da ƙasa, wai boko ne zai koya mata jikin ƙaninta? Ita ta goye shi. Haka ta ce mana lokacin jinyar Inna, muka yi shiru don kunya. Shirun nan bai daina cin raina ba. Shi ya sa ranar na fita da kaina na ba wanzami kuɗin mota.

Ashe tun da duku-duku Yaya ya sayo maganin rage ciwo, Diclofenac, a kemis ya ba Baba biyu. Da muka isa asibitin ƙashi na Dala, bayan mai adaidaita ya yanke mu son ransa, maganin nan likita ya fara karɓewa daga hannuna. Ya ce ire-irensa suna ƙara jigata ƙoda, su kuma tayar da hawan jini. Sannan ya goge gwiwar da magani, ya soka sirinji a gefe ya zuƙo ruwa rawaya gurɓatacce. Baba ya damƙe hannuna yana salati. Likita ya ce abin tsoro shi ne a ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga gaɓar, don cikin 'yan kwanaki suke cinye guringuntsi, kuma tsoho mai suga yana iya ɗauke da su ba tare da zazzaɓi ba. Ba a ganewa da ido, sai an auna ruwan.

Allah Ya taƙaita, gawut ne. Wani sinadari ne, yurik asid, da ƙoda ta kasa fitarwa, sai ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai. Ƙwayar hawan jininsa mai sa fitsari tana ƙara tara shi, aka canza ta. Sai kuma hanta da kayan ciki da ya kwana uku yana ci, yana korawa da lemon kwalba a ɓoye. Wa ke kawo masa farfesun a kwanon sha, lulluɓe da faifai? Wadda ta goye shi.

Maganin da aka ba shi na 'yan kwanaki ya sa sugan ya haura, safe da yamma ina huda masa yatsa ina rubutawa a bayan kalanda. Kafin mako ya zagayo ya taka zuwa masallaci da sanda.

Gwaggo kuwa har gobe a gidan biki cewa take rubutun da ta karɓo ne ya tashe shi. Ni ban tanka ba, amma ɗakina ta daina shiga, har ranar sunan ɗana. Wannan sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.